Kiran waya ɗaya ya raba ni da kwastoman shekara 9

Ranar wata Talata ce cikin Nuwamban 2025, na je Sharaɗa, unguwar masana'antu a Kano, wajen Alhaji don mu tsayar da ranar ƙirgen kayan sito na ƙarshen shekara, abin da muke yi tun 2016 ba fashi. Masana'antar roba gare shi, bokitai da butoci da kujerun nan na biki, kuma duk wanda ya taɓa shiga irin wajen ya san yadda ƙarar inji da warin narkakkiyar roba suke bin mutum har cikin ofis ko da an rufe ƙofa. Na gaishe shi na zauna, yaro ya kawo ruwa, har na zuge jaka zan ciro takarda sai Alhaji ya ɗaga min hannu yace "Akanta, ajiye wannan tukunna, matso ka ji wani abu."

Ya lalubo waya ya maƙala gilashi, ya daɗe yana dungurin WhatsApp da yatsa ɗaya irin na dattawanmu, can sai ga murya ta fito. Muryar yaro ce matashi, Hausarsa tas, ga ladabi kamar zai kwanta a ƙasa. "Ranka ya daɗe Baba Alhaji, ni ne wanda ya kira jiya daga ofishin akantoci..." ya faɗi sunan ofishin nasu, na san su sarai, ba su fi shekara 4 da buɗewa ba. Yace sabuwar dokar haraji za ta fara aiki 1 ga Janairu, kamfanoni da yawa ba su shirya ba kuma akantocinsu ba su gaya musu komai ba, yace su za su zo su duba littattafan kamfani kyauta su nuna inda ake biyan harajin da ya wuce ƙa'ida, yace kuɗin aiki kuwa ko nawa Alhaji yake biya yanzu su za su yi a kan rabi. Ya rufe da addu'a, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya ja kwana.

Alhaji ya zare gilashi ya zuba min ido. "To, ka ji?"

Na ji mana, ai har cikin ƙashina na ji. Nace ranka ya daɗe wannan ba tarbiyyar aikinmu ba ce, akanta ba ya talla kamar mai maganin basir a tasha. Alhaji ya yi dariya har da dukan tebur, sannan ya faɗi maganar da ta hana ni barci a daren: "Amma ai kai ma ba ka ce min komai a kan dokar ba, tun damina ake surutunta a rediyo."

Kuma gaskiyarsa ce wallahi. Tun 26 ga Yuni shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin harajin nan guda huɗu, har hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ma za ta koma NRS, 'yan kasuwa duk sun tsorata kowa da irin jita-jitar da ya ji, wasu har cewa suke za a dinga zarar kuɗi kai tsaye daga asusun mutum, ni kuma ina zaune ina cewa bari in gama karantawa tsaf sannan in kira mutanena in yi musu bayani, wata biyar ina gama karantawa. Yaron nan bai jira ya gama karanta komai ba, lamba kawai ya danna.

Mu dai ba haka aka rene mu ba. Ogana da na yi koyon aiki a hannunsa, Allah ya jiƙansa da rahama, allon ofishinsa bai fi faɗin littafi ba, in ba ka san wajen ba sai ka wuce sau uku kana nema. Kullum maganarsa aiki ne yake kiran aiki, wanda ka yi wa da kyau shi zai turo maka ɗan'uwansa. A wajensa akanta ya ɗauki waya ya kira kwastoman wani akanta daidai yake da ka je gidan maƙwabcinka ka tambayi matarsa ko tana jin daɗin zaman. Hoton Akintola Williams ne a bangon ofishinsa, dattijon nan da ya zama akanta mai cikakkiyar shaida a Ingila a 1949, ya buɗe nasa ofishin a Legas a 1952, yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Najeriya, a 1965, ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Oga yakan nuna hoton yace kun taɓa jin wannan ya bi wani yana roƙon aiki? Mu kuma mu girgiza kai, alhali ba abin da muka sani game da yadda mutumin ya samu nasa kwastomomin.

Da wannan tarbiyyar na koma gida ina huci, na ba uwargida labari tun daga farko, ina jiran ta taya ni zagi. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba tace "To kai ya aka yi ka samu Alhajin?"

Na yi shiru. Domin na tuna.

A wajen ɗaurin aure na same shi, a wani masallaci cikin gari, 2016, lokacin ban fi wata shida da buɗe ofis ba, kwastomomina uku ne kuma biyu ba sa biya. Kawuna ne ya riƙo hannuna bayan an shafa fatiha ya kai ni gaban Alhaji, sun yi makarantar allo tare, yace "Alhaji ga ɗanka nan ya gama karatun akanta ya buɗe ofis, a dinga tunawa da shi." Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa kati da hannu biyu. Bayan sati uku aka kira ni. Kuma a lokacin Alhaji yana da akantansa, wani dattijo da yake zuwa daga Kaduna sau ɗaya ko biyu a shekara, ni na rubuta masa wasiƙa ya aiko min da fayil-fayil a kwali ta tashar mota, kuma rantsuwa zan iya yi tun daga ranar ban sake tunawa da bawan Allahn nan ba sai a daren da uwargida ta jefo min tambaya. Ban taɓa tambayar kaina ya ya ji ba, ko yana da yara a makaranta, ko kuɗin Alhaji ne hayar ofishinsa. Laifi tudu ne dai.

To in za a faɗi gaskiya mu duk talla muke yi, namu ne kawai yake sa babbar riga. Muna yin sa a ɗaurin aure da suna da ta'aziyya, muna yin sa a sahun gaba na masallacin unguwar masu kuɗi, muna yin sa ta hannun manajan banki da muka yi aji ɗaya da shi wanda in ɗan kasuwa ya zo neman bashi zai ce masa ai sai da odit, wato binciken littattafan kuɗin kamfani, ga lambar wani mutumin kirki. Wannan duk sunansa zumunci. Amma yaron da ba shi da kawun da ya yi makarantar allo da Alhaji, ubansa ƙila malamin firamare ne a ƙauye, shi in ya ɗauki waya sai mu ce ya zubar da mutuncin sana'a.

Abin da ya sa na ƙara yin sanyi, wannan rigimar an yi ta a Amurka har gaban Kotun Ƙoli, kuma labarin kamar an ɗauko shi daga nan. Ƙungiyar akantocinsu ta hana talla tun 1922, an shafe shekara hamsin da ɗoriya akanta ba ya talla, ba ya karya farashin ɗan'uwansa, ba ya zuwa wajen kwastoman wani. Sai gwamnati ta fara kallon abin da wani ido, tace wannan da kuke kira ɗa'a ai haɗa baki ne don kada a yi gasa farashi ya sauko. A 1972 aka sa su janye hanin da suka yi na yin takarar farashi, 1978 aka buɗe ƙofar talla, 1979 suka cire hanin tunkarar mutum kai tsaye ba tare da ya gayyace ka ba. Ingila ma ta bi sahu, a 1984 aka bar akantocinta su fara talla. Amma a Amurka jihohi suna da nasu hukumomin, wasu suka riƙe tsohuwar doka gam, cikinsu har da Fulorida.

Sai ga wani akanta Scott Fane, a Niyu Jazi yake aikinsa, kuma can yadda yake samun aiki shi ne ya kira shugabannin ƙananan kamfanoni a waya ya nemi su ba shi lokaci ya zo ya yi bayani. A 1985 ya koma Fulorida, baƙo bai san kowa ba, aka ce masa nan ba a kira. Yace to ya zan yi, duk kamfanin da yake buƙatar irin aikina ai ya riga yana da akanta, in ban zauna da mutum na nuna masa abin da zan yi masa daban ba me zai sa ya bar wanda ya saba da shi? Ya kai ƙara. Ranar 26 ga Afrilun 1993 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, alƙalai 8 suka goyi bayansa, mace ɗaya a cikinsu ce kawai ta saɓa. Hukumar akantocin jihar ta ce kiran zai jawo yaudara kuma zai sa odita ya zama ɗan amshin shatan wanda ya roƙa, kotu tace ina hujja, suka kasa kawo komai in ban da takardar rantsuwa ta wani tsohon shugabansu da ya faɗi ra'ayinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kotun ta raba wannan da shari'ar wani lauya ta 1978, shi wannan har gadon asibiti ya bi wata yarinya 'yar shekara 18 da ta yi hatsarin mota yana neman ta ba shi shari'arta, shi kam an yarda a hukunta shi. Suka ce ɗan kasuwa da yake zaune a ofishinsa, ya san kuɗi, yana da akantan da zai gwada da shi, in ya ga dama ya kashe waya, ba ɗaya yake da mara lafiya a gado ba.

Na tuna Alhaji, mutumin da yake ciniki da 'yan Chana da 'yan Indiya a kan kwantena ba tare da ya yi boko mai zurfi ba, mutumin da yake gane buhun ɗanyar roba an rage masa kilo ta hanyar ɗagawa kawai. Wai shi nake so in kare daga kiran waya. Kaina nake karewa, ba sai an gaya min ba.

Duk da haka ban haƙura ba, na ce bari in bi ta wajen addini ko zan samu mai tsaya min. Bayan magariba na tare malamin masallacinmu nace Allah ya gafarta malam, ba akwai hadisin da ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa ba, kuma kada ya nemi aure a kan nemansa? Yace akwai, ingantacce ne kuwa. Na ji daɗi na kwashe labari na ba shi. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sai yace a fahimtar Imamu Malik hanin yana faɗawa ne idan an riga an karkata, mai kaya ya yarda da mai saye ana maganar sharuɗɗa, ko an amsa wa mai neman aure an tsayar da sadaki, amma kayan da yake a kasuwa kowa yana iya tayawa. Sannan ya tambaye ni, aikin bana kun ƙulla? Akwai magana tsayayya tsakaninku ta shekarar nan? Na tuna takardar yarjejeniyar aiki ta ƙarshe da muka sa wa hannu da Alhaji, ta 2017 ce, tun daga nan sai dai in zo kawai a ce Akanta ya zo. Malam yace shi ba zai yanke hukunci a tsaye a ƙofar masallaci ba, amma in je in duba da kyau ko ciniki aka shiga min ko sabo ne kawai nake ɗauka mallaka. Ya ƙara da cewa in dai yaron ya ɓata ni da abin da bai sani ba, wannan babi ne daban kuma mai nauyi.

To nan ne inda har yau ban sauko ba, kuma ba na jin zan sauko.

Yaron bai taɓa ganin littafin Alhaji ba, ko shafi ɗaya. Bai san nawa ake biya ba, bai san wa yake yin aikin ba sai da Alhaji ya gaya masa. Amma ya buɗe baki yace ana biyan harajin da ya wuce ƙa'ida, kuma akantoci ba sa gaya wa mutanensu gaskiya. Na biyun ya dace ya same ni, sa'a ce ya ci, amma na farkon fa? Jifa ce a duhu, kuma jifa ce da ba ta taɓa kuskure, don ba a haifi ɗan kasuwar da za ka ce masa harajinka ya yi yawa yace a'a ba. Ƙa'idar ɗa'ar akantoci ta duniya, wadda ƙungiyoyinmu suke ɗora nasu a kai, ba ta ɓoye wannan ba: in za ka tallata kanka kada ka zuzuta abin da za ka iya, kada ka kushe aikin wani, kada ka gwada naka da nasa ba tare da hujja ba. Kuma mai odit da ya shigo gida da alƙawarin rage haraji tun kafin ya ga rasit ɗaya, ranar da zai ga abin da bai dace ba a leja da wane baki zai faɗa? Ya riga ya ci ladan kuturu.

Sai maganar rabin kuɗi. Mutane suna ɗauka odit zama ne a ofis da kwamfuta. Odit ɗin Alhaji kwana huɗu muke yi a sito kawai ni da yara biyu, muna hawa kan tulin bokitai muna ƙirgawa dozin-dozin, mai sito yana cewa dubu uku ne mu muna samun dubu biyu da ɗari takwas da wani abu, a sake daga farko, ga ƙura ga zafin kwano. Sannan a bi sitetimen na banki huɗu layi-layi, a rubuta wa dilolin Kantin Kwari da Sabon Gari da na Maraɗi da suka karɓi kaya bashi a tabbatar abin da suka ce ana binsu ya yi daidai da abin da yake a littafi, wanda da wuya ya yi daidai, a duba kuɗin gas na janareto da yake cinye riba kamar wuta a kara. Wannan duk albashi ne da kuɗin mota da lokaci. In ka ce za ka yi a rabi, ko dai ka yarda ka faɗi a shekarar farko don ka kama gida ka fanshe daga baya, ko kuma wani abu ba za a yi shi ba, kuma yawanci ƙirgen siton ne yake tafiya, a karɓi abin da mai sito ya rubuta a manna sitam ɗin ICAN a wuce. Araha ba ta ado. Ƙa'idar nan ma ba ta ce sauƙaƙa farashi laifi ba ne a kan kansa, cewa ta yi ka tabbata kuɗin zai isa a yi aikin yadda ya kamata.

Su Amurkan da suka buɗe ƙofa ai sun ɗanɗana. Bayan an saki gasa sai odit ya zama kamar kayan jan kwastoma, a karya shi a shiga gida sannan a ci riba a aikin ba da shawara. Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan ofisoshin akantoci biyar na duniya, a shekarar 2000 kaɗai ta karɓi dala miliyan 25 na odit daga kamfanin makamashi na Enron da wata miliyan 27 ta sauran ayyuka, Enron ta ruguje a ƙarshen 2001, a 2002 Andersen ɗin kanta ta bi ta, manyan biyar suka koma huɗu. Ba kiran waya ne ya kashe su ba, kar wani ya ce na faɗa, amma tsoron rasa kwastoma mai tsoka yana cikin abin da yake rufe bakin odita, kuma wannan tsoron ni ma na san ɗanɗanonsa a ɗan ƙaramin matakina, sau nawa na ga abu a littafin Alhaji na faɗa da murya ƙasa-ƙasa don kada ransa ya ɓaci.

Wani zai ce to ai daɗewar ma matsala ce, kuma haka ne. Babban ofishin akantoci na PwC da magabatansa sun riƙe odit ɗin bankin Barclays na Ingila tun 1896, sai da dokokin Turai na tilasta canji suka matso sannan wani babban ofishin, KPMG, ya karɓa a 2017. Nan gida ma CBN ba ya barin ofishi ɗaya ya wuce shekara 10 yana odit ɗin banki. Ni na yi 9. In banki ne Alhaji da saura shekara ɗaya a sallame ni ko ba kira. Na gwada lallashin kaina da wannan, bai yi wani aiki ba.

Kuma kasuwar ce ta matse, shi ya sa kiran ya yawaita. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa odita, waɗanda cinikinsu bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba kuma dukiyarsu ba ta wuce miliyan 60 ba, ga ICAN da ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin, kullum suna yaye sababbi, kowa da satifiket da hayar ofis a wuya. Masu girman Alhaji a Sharaɗa da Bompai da Challawa ƙirgaggu ne, wasu masana'antun ma sun daɗe a rufe, kowa ya san kowa. Ina sabon shiga zai samu nasa in ba daga hannun wani ba?

Sati biyu bayan nan wasiƙa ta iso, wadda mu a aikin muke kira kiliyarans, sabon akanta yana rubuto wa tsoho cewa an neme mu da wannan aiki, shin akwai wani dalili na sana'a da zai hana mu karɓa? Aƙalla sun bi wannan ƙa'idar, na ba su wannan. Alhaji bai kira ni ba, babban ɗansa ya turo, wanda ya dawo daga karatu ya fara zama a ofis, ya zo har wajena yana sunkuyar da kai yace "Yallaɓai Baba yace a ba ka haƙuri, gwadawa za a yi na shekara ɗaya, zumunci yana nan." Daga baya na fahimci shi ɗan ne ma ya fi matsawa, yana son masu aiko masa da rahoto a waya duk wata, ba mai zuwa da fayil a jaka ba.

Na zauna da wasiƙar nan kwana uku. Shaiɗan ya kawo min shawarwari kala-kala, in ƙi amsawa su yi ta jira har lokaci ya ƙure musu, in riƙe takardu tunda akwai ragowar kuɗina na bara da ba a cika ba, in rubuta wata magana mai harshen damo da za ta sa su tsorata. A rana ta huɗu na rubuta layi uku, babu wani dalili na sana'a, akwai ragowar kuɗin aiki kaza, takardu suna nan a zo a ɗauka. Ina sa hannu dattijon Kaduna ya faɗo min a rai, shi ko ragowar kuɗi bai ambata ba a tasa wasiƙar, kuma na san Alhaji, da wuya a ce babu.

Wanda aka turo ɗaukar fayil ɗin yaron ne da kansa, ina jin sallamarsa na gane muryar. Siriri ne, rigarsa a goge amma wuyan ya fara cinyewa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama sai da na matsa. Nace kai ne mai kira ko? Ya yi murmushin jin kunya yace "Ni ne yallaɓai, a yi haƙuri, aiki ne aka sa mu." Na sa aka kawo masa lemo, na tambaye shi yadda abin yake. Yace lis ake ba su duk Litinin, sunayen daraktoci suna samu a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, lambobi kuma daga katunan da aka tara a baje kolin kasuwa da allunan motocin kamfani da abokai, wani lokacin mai gadi ma in ka saya masa shayi zai ba ka lambar manaja. Yace yawanci ko gama sallama ba ya yi ake kashewa, wani ya zage shi, wani yace ɗan damfara ne zai haɗa shi da 'yan sanda, wata rana tun safe har la'asar ba wanda ya ba shi minti ɗaya. Albashin ba wani abu ba ne, kamasho ne in aiki ya faɗo, katin waya ma wani lokacin daga aljihunsa. Saura masa mataki ɗaya ya gama jarrabawar ICAN, kuɗin rajista yake tarawa. Alhaji shi ne babban kifi na farko da ya taɓa kamawa.

Nace to maganar ana biyan harajin da ya wuce ƙa'ida fa, a ina ka gani? Ya sunkuyar da kai yace rubutacce ne ake ba su, kowa shi ake karanta wa. Nace ka daina faɗar wannan, ka kira duk wanda za ka kira amma ka daina faɗar abin da ba ka gani ba, wata rana za ka faɗa wa wanda zai kai ka gaban kwamitin ladabtarwa tun kafin ka karɓi satifiket. Yace in sha Allahu. Ban sani ba ko har zuciyarsa ne ko don lemo. Da zai tafi na ja shi gefe na gaya masa in sun je ƙirge kada su yarda da lambar da mai sito zai ba su ta ɗakin baya, su sa a sauke kujerun a ƙirga, kuma akwai dila ɗaya a Maraɗi da yake biya da sefa, a kula da canjin ranar da kuɗin ya shigo ba ranar da aka rubuta ba. Ya ciro biro ya rubuta a bayan hannunsa. Har yanzu ban san me ya sa na gaya masa ba, uwargida tace wauta ce, ƙila kuma siton ne nake jin kamar nawa.

Alhaji kuwa bai fasa kirana ba. Cikin Janairu da daddare wajen ƙarfe goma sai ga wayarsa, "Akanta, yaran nan sun ce kaza da kaza a kan sabuwar dokar, haka ne?" Na yi masa bayani na kusan rabin awa, wannan karon na gama karantawa ai. Kyauta, kamar kullum. Ragowar kuɗina ma har yau ana cewa za a duba.

Bayan ƙaramar salla Alhaji ya aurar da 'yarsa, aka aiko min da kati na je. Akwai wani aminin Alhaji mai injin casar shinkafa a hanyar Haɗeja da na fi shekara biyu ina bibiya, duk taron da na san zai je sai na je, mu gaisa in tambayi iyali in koma, ban taɓa ce masa komai a kan aiki ba, jira nake ranar da zai tambaya da kansa. Ana shafa fatiha na miƙe na gyara hula na nufi inda yake, hannuna a aljihu a kan katina. Kafin in ƙarasa sai na hango Alhaji riƙe da hannun wani siriri cikin sabuwar shadda ruwan toka da ta ɗan yi masa yawa, ya kai shi gaban mai shinkafar yana cewa "Alhaji ga yaron nan da nake ba ka labari." Yaron ya durƙusa har ƙasa, ya miƙa kati da hannu biyu.

Na tsaya a inda nake, maroƙi yana ta zuba kirari a kunnena, sai da na ba shi ɗari biyar sannan ya matsa.